Ɓacewar Matsin Birki Bayan Sauya Masta a Motar Ɗaukar Kaya

Ɓacewar matsin birki bayan sauya masta, wato silindar da ke tura man birki idan an taka feda, matsala ce da ake yawan cin karo da ita a motocin ɗaukar kaya masu birkin mai, wato a-kori-kura irin su Toyota Hilux da Ford F-150, da matsakaitan motoci irin su Mitsubishi Canter, Toyota Dyna da Isuzu NPR. Yadda take faruwa shi ne a cire tsohuwar masta a ɗaura sabuwa, a cika tanki da mai, amma da an taka birki sai feda ta nutse har ƙasa, ko ta yi laushi, ko kuma ta ƙi kamawa sai an yi ta fomfa. Sau da yawa sabuwar mastar ba ta da laifin komai. Abin da ya fi jawo matsalar shi ne iskar da ta maƙale, ko saitin da ya kuskure, ko kayan da bai dace da motar ba. Saboda haka maganinta bincike ne bi da bi, ba sake sayen kaya ba.

Manyan motoci irin su tirela, tanka da mafi yawan tifofi da iska birkinsu ke aiki, ba su da masta irin wannan, don haka bayanin nan bai shafe su ba. Akwai wasu matsakaitan motoci da suka haɗa biyun, iska ce ke tura masta, mai kuma ya kai matsin zuwa tayoyi. A irin waɗannan, ɓangaren mai yana bin ƙa'idojin da ke tafe.

Asalin birkin mai

Birkin mai ya ginu ne a kan ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matsa ruwan da ke rufe a cikin mazubi, matsin yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Malcolm Loughead, Ba'amurken da daga baya ya mayar da rubutun sunansa Lockheed, ya yi wa birkin mota mai amfani da wannan ƙa'ida rajista kafin 1920. Duesenberg ta sa shi a tayoyi huɗu na motarta a 1921, Chrysler ta bi sahu a 1924, Ford kuwa sai a 1939 ta rabu da birkin sanda da waya.

Mastocin farko fistin ɗaya gare su da layi ɗaya. Bututu guda ya fashe, birkin mota gaba ɗaya ya tafi. Wannan ya sa aka ƙera masta mai fistin biyu a jere, kowanne da layinsa, kuma ƙa'idar FMVSS 105 ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1968, ta wajabta raba layin gida biyu. A yawancin motocin ɗaukar kaya layi ɗaya na tayoyin gaba ne, ɗayan na baya. Wannan tsari ya ceci rayuka masu yawa, amma ya ƙara yawan lungunan da iska za ta iya laɓewa.

Yadda masta ke aiki

Masta silinda ce ta ƙarfe ko alminiyam, a cikinta akwai fistin biyu da sifirin biyu da robobi masu siffar kofi. A samanta akwai tankin man birki. A motoci masu kai a kan inji, irin su Canter, tankin yakan zauna daban a gefen dashbod, tiyo ne ke kawo mai daga can zuwa masta. Idan direba ya taka feda, sandar turi ta tura fistin na farko, shi kuma ta hanyar man da ke gabansa da sifirin ya tura na biyu.

A gaban kowace roba akwai wani ɗan rami siriri da ya haɗa silinda da tanki. Muddin feda tana sake, ramin a buɗe yake, mai yana iya komawa tanki idan ya yi zafi ya kumbura, yana kuma iya saukowa ya cike gurbi idan fad, wato takalmin da ke matse faifan birki, ya cinye. Da fistin ya ɗan motsa sai roba ta wuce ramin ta rufe shi, daga nan ne matsi ke fara haɗuwa. Wasu sababbin mastoci, musamman na motoci masu ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi, wani ɗan bawul ne a tsakiyar fistin ke yin wannan aiki.

Ƙarfin ƙafar direba kaɗai ba ya isa. Feda tana ninka shi kamar sau 4 zuwa 5 a mota mai busta, sau 6 zuwa 7 a marar busta. Busta, wato baƙin kwanon nan da masta ke ɗaure a jikinsa, tana ƙara ninkawa da taimakon zuƙar iska. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar. Injin dizal kuwa sai an haɗa masa famfo na musamman, wanda a motocin Japan da yawa yake manne a bayan altaneta. Wasu motocin Amurka masu nauyi suna da busta mai aiki da matsin famfon sitiyari, wadda aka fi sani da Hydro-Boost. A birki mai ƙarfi matsin cikin layi yakan kai bar 70 zuwa 100.

Abin da ya kamata mai bincike ya riƙe shi ne, mai ba ya matsuwa. Idan feda ta yi tafiyar da ta wuce ƙima, to tafiyar ta tafi wani wuri ne: ko ta ƙare wajen matse iska, ko wajen cike wani giɓi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ko mai ya fita waje, ko ya zille ta gefen roba ya koma tanki. Waɗannan huɗun su ne manyan hanyoyin da matsi ke ɓacewa, aikin bakanike shi ne gano wacce ce.

Abin da feda ke nunawa

Yanayin feda a ƙarƙashin ƙafa shi ne shaida ta farko, kuma kowane yanayi yana nuni ga wani wuri daban.

Feda mai laushi, wadda ke ɗan tauri idan aka yi fomfa sau uku ko huɗu sannan ta koma yadda take bayan an huta, alamar iska ce. Sau da yawa irin wannan feda takan yi kamar lafiya lau idan inji a kashe yake, da an tayar da shi sai ta faɗa ƙasa, domin busta ta ƙara ƙarfin da ke matse iskar.

Feda da ke sauka ƙasa sosai amma ta tsaya da tauri a inda ta tsaya, giɓi ne. Ko takalman birkin baya sun yi nisa da durom, ko sandar turi ba ta kai ga fistin ba, ko boris ɗin taya ya saki har faifai yana kaɗawa yana mayar da fistin ɗin kalifa, wato maƙatar da ke matse faifan, ciki.

Feda da ke kamawa da farko, sannan ta riƙa nutsewa a hankali alhali ƙafa na kanta da matsakaicin ƙarfi, tana nufin mai yana gudu. Idan tanki yana raguwa, yoyo ne. Idan ba ya raguwa, man yana zillewa ne a ciki, a masta ko a bawul ɗin ABS.

Feda mai tauri a sama wadda motar ba ta tsayawa da ita ba ɓacewar matsi ba ce ta fuskar iska. Wannan ta busta ce, ko ta zuƙar iska, ko ta mastar da faɗinta ya wuce na asali.

Feda da ke tafiya har ƙasa ba tare da wata turjiya ba, kuma ko an buɗe notin cire iska a taya mai ba ya fitowa, tana nuna cewa mastar ba ta ɗauki mai ba tun farko, ko sandar turi ba ta tura ta yadda ya kamata.

Iska a cikin masta

Wannan ne babban musabbabi. Sabuwar masta a bushe take zuwa, cikinta iska ce zalla. Wanda ya taɓa toshe bakin sirinji da yatsa ya san bambancin: idan ruwa ne a ciki ba ya dannuwa, idan iska ce sai ya danna ta kusan ƙurewa. Lissafin a bayyane yake. Masta mai faɗin milimita 25.4, wato inci ɗaya, tana tura kusan rabin mililita na mai a kowace milimita da fistin ya matsa. Iska mai yawan mililita 5, cikin ƙaramin cokali ke nan, za ta cinye milimita 10 na tafiyar fistin kafin matsi na kirki ya haɗu. Idan feda tana ninka sau 4, ƙafar direba ta yi tafiyar milimita 40 a banza.

Abin da ke sa wannan iska wuyar fita shi ne zaman masta. A motoci da yawa hancinta yana ɗan kallon sama, ramukan da bututu ke fita kuma a gefe suke, ba a ƙololuwa ba. Kumfa sai ta taru a can ƙarshen silinda, sama da bakin bututu, inda ko an kwana ana cire iska a tayoyi ba za ta motsa ba. Shi ya sa masu ƙera masta suke umartar a cire mata iska a kan teburi kafin a ɗaura ta.

Ana kama mastar a mamatsin ƙarfe ta kunnuwanta, ba ta jikin silinda ba, domin matse jikin yana iya lanƙwasa ramin. A daidaita ta a kwance sosai. A ɗaura gajerun tiyo masu nuna ciki a bakunan fita biyu, a lanƙwaso su cikin tanki har bakinsu ya nutse a mai. Sai a sami sanda marar kaifi a riƙa tura fistin a hankali, kimanin milimita 20 zuwa 25, a saki a hankali. Da farko manyan kumfa ne za su riƙa bi ta tiyo, daga baya ƙanana, har a wayi gari mai zalla ke zagayawa. Ɗan ƙwanƙwasa jikin silinda da ƙotar sukudireba yana sakin waɗanda suka manne. Wata hanyar ita ce a toshe bakunan da murfin da ya zo da mastar, a yi ta turawa har fistin ya ƙi motsi fiye da 'yan milimita.

Akwai mastoci masu rami hawa biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, waɗanda General Motors ta fara amfani da su a farkon shekarun 1980. Waɗannan suna buƙatar a jira kamar daƙiƙa 15 tsakanin turi da turi domin mai ya sauko ya cika, gaggawa tana mayar da iskar ƙananan kumfa masu wuyar fita.

Idan an riga an ɗaura masta ba a yi mata wannan ba, ana iya cire ta a koma teburi, ko a ɗaga bayan motar har mastar ta kwanta daidai sannan a yi aikin a wurin. Bayan an mayar da bututu, ana sake cire iska a bakunan mastar kanta: mataimaki ya taka feda a hankali, a ɗan sassauta notin bututu mai ya tsirto, a ɗaure kafin ya saki.

Sandar turi da mazauninta

Tsakanin kan sandar da ke fitowa daga busta da gindin fistin ɗin masta, giɓin da ake so ɗan kaɗan ne, rabin milimita ko ƙasa da haka. Mastoci biyu suna iya yin kama a ido, ramukan ɗauri su zo daidai, amma zurfin kwarmin da sandar ke shiga ya bambanta. Mastar da aka yi wa mota marar busta kwarminta mai zurfi ne, domin kada sanda ta zame. Idan aka ɗaura irinta a kan busta mai gajeriyar sanda, feda za ta kusa kai ƙasa kafin ma sandar ta taɓa fistin. Ko giɓin milimita 2 ya isa ya ɓatar da milimita 8 zuwa 10 a feda.

Idan sandar ta yi tsawo kuma, sai ta riƙe fistin a gaba, roba ta rufe ramin komawar mai. Mai ba zai sauko da kyau ba lokacin cire iska, kuma bayan 'yar tafiya birki zai fara kamawa da kansa, tayoyi su yi zafi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sassauta notuna biyu da suka ɗaure masta a jikin busta, idan tayoyi suka saki nan take, sandar ce. Ana auna giɓin da ma'aunin zurfi, ko a shafa ɗan alli ko giris a kan sandar, a kara mastar a cire, a duba ko ya taɓa.

Akwai kuma wani ɗan faifan roba a cikin busta, a gindin wannan sanda. Idan aka jawo sandar waje lokacin cire tsohuwar masta, faifan yakan faɗa cikin kwanon. Alamar rashinsa ita ce feda ta yi nisa, sannan birki ya cafke gaba ɗaya da ɗan taɓi.

Mastar da ba ta motar ba

Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da masta iri biyu ko uku gwargwadon nauyin da aka yi ta ta ɗauka, da ko tana da ABS, da ko birkin bayanta faifai ne ko durom. Faɗin rami shi ne babban bambanci. Da ƙarfin turi na niyuton 3,000, masta mai milimita 25.4 tana ba da kusan bar 59, mai milimita 28.6 kuwa kusan bar 47. Babbar tana ba da feda mai tauri da birki marar ƙarfi. Ƙaramar tana ba da matsi mai yawa amma man da take turawa kaɗan ne, sai feda ta yi doguwar tafiya, wani lokaci ta ƙure kafin ta cika silindojin tayoyi.

Tsofaffin motoci masu durom suna da wani ɗan bawul a bakin masta da ke riƙe ragowar matsi na kusan bar 0.7 a layi, domin robobin silindar taya su zauna a buɗe kada su shaƙi iska. Mastar da ba ta da shi, idan aka sa ta a motar da ke buƙatarsa, feda takan yi ƙasa a takun farko ta tashi a na biyu.

Bakunan bututu ma suna yaudara. Zaren M10×1 da na inci 3/8-24 sun yi kusa da juna har ɗaya yakan shiga ɗaya, ya yi kamar ya ɗauru alhali bai kama ba. Siffar bakin bututu kuma iri biyu ce, mai ninki biyu da mai kumburi, kowanne da mazauninsa. Haɗin da bai dace ba yana iya shaƙar iska a duk lokacin da aka saki feda, ko da ba a ga ɗigon mai ba. Dole kuma a tabbatar kowane bututu ya koma bakinsa, domin a wasu mastoci bakin gaba na tayoyin baya ne.

Inda ake yawan amfani da kaya na hannu da aka kwance daga wata mota, kamar yadda yake a kasuwannin kayan gyara na Najeriya da Nijar, wannan sashe ya fi muhimmanci. Hanya mafi aminci ita ce a ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, a auna faɗin rami da zurfin kwarmi, a duba zare da lambar da ke jiki, kafin a ɗaura.

Iska da giɓi a sauran layi

Da zarar an kwance bututu daga masta, iska ta shiga layi, kuma idan aka bar tanki ya ƙafe lokacin aiki to an koma farko. Wasu wurare sun fi riƙe ta.

Da yawa daga cikin Hilux da Land Cruiser da ire-irensu suna da bawul a kusa da gatarin baya wanda ke rage matsin birkin baya idan motar ba ta da kaya. Wannan bawul yana da nasa notin cire iska, kuma ana yawan mantawa da shi. Idan aka ɗaga motar ta shasi gatari ya rataye, bawul ɗin yana ɗaukar cewa babu kaya sam, sai ya taƙaita man da ke zuwa baya. Ya fi kyau a tokare gatarin kansa.

Kalifa, wato maƙatar da ke matse faifai, tana da ta dama da ta hagu. Idan aka musanya su, notin cire iska zai koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ba za ta taɓa fita ba. Motoci irin Canter masu durom suna da silinda biyu a taya ɗaya, kowacce da saitinta, dole a bi su duka.

Takalman durom da ba a saita ba suna cin tafiyar feda fiye da yadda ake zato. A motar da birkin hannunta ke kama tayoyin baya, ana iya gwadawa da ɗan jan birkin hannu sannan a taka feda, idan ta tashi, saitin baya ne. Wannan gwaji ba ya aiki a motar da birkin hannunta yake a bayan giya.

Sai kuma ABS. Akwatin bawulolinsa yana da lunguna da ba sa buɗewa sai an kunna su da na'urar kwamfuta ta binciken mota, idan iska ta shiga can cirewa ta ƙafa ba ta isa. A-kori-kurar Amurka na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 suna da ABS na tayoyin baya kaɗai, wanda Ford ke kira RABS, General Motors da Dodge kuma RWAL. Idan datti ya hana bawul ɗinsa rufewa, mai yana sulalewa cikin ma'ajiyarsa, feda ta riƙa nutsewa tamkar mastar ce ta lalace. An sha sauya masta sau biyu ko uku a kan wannan laifi da ba nata ba.

Raba layi domin gano wurin

Hanyar da ta fi yanke shakka ita ce a raba tsarin gida-gida. Da farko a kwance bututu biyun daga masta, a toshe bakunanta da notuna masu zare da mazauni daidai, a taka feda da matsakaicin ƙarfi. Idan ta tsaya a sama da tauri, masta da sandar turi sun fita daga zargi. Idan ta yi laushi, akwai iska a mastar. Idan ta yi tafiya fanko kafin ta yi tauri, giɓin sanda ne. Idan ta nutse a hankali, robobin ciki suna zillar da mai, mastar ce ba ta da kyau, ko da yau aka fito da ita daga kwali.

Idan masta ta tsira, sai a mayar da bututu ɗaya a bar ɗayan a toshe, a ga layin da feda ke faɗuwa da shi. Daga nan a matse tiyon roba na tayoyi da kilam marar kaifi wanda aka yi domin wannan aiki, a riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya ana taka feda. Tayar da aka saki feda ta faɗi, nan matsalar take. Idan an matse duka amma feda ba ta yi tauri ba, laifin yana tsakanin masta da tiyo, wato a bawuloli ko ABS. Ba a matse tiyo mai saƙar ƙarfe, tsohon tiyo da ya tsattsage kuwa sauya shi ake yi. Tiyon da ya ruɓe yakan kumbura idan matsi ya zo, ana iya jin haka da hannu yayin da wani ke taka feda.

Idan mai yana raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, a leƙa tsakanin masta da busta. Robar baya idan ta saki, mai cikin kwanon busta yake zuba. Ita kanta busta ana gwada ta ne a kashe inji, a taka feda sau biyar zuƙar ta ƙare, a riƙe, a tayar da inji. Idan tana aiki feda za ta ɗan sauka.

Cire iska a tayoyi

A motar da aka raba layinta gaba da baya, ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa, sai dai in littafin motar ya faɗi wani tsari. Aikin na mutum biyu ne, kuma ya dogara ga jin magana. Maigida yana ƙarƙashin mota da sifana a kan noti, tiyo ɗaya a bakin notin ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Ya ce, "Taka." Yaro ya taka a hankali. "Riƙe." Yaro ya amsa, "Na riƙe, maigida." Sai a buɗe noti, mai da kumfa su fita, feda ta sauka, a ɗaure, sannan a ce, "Saki." Idan yaro ya saki kafin a ɗaure, iskar da aka fitar ta koma.

Fomfa da sauri da ƙarfi yana kaɗa mai da iska su zama kumfa laƙa-laƙa wadda sai ta kwanta kafin ta fita. Yana da kyau a sa guntun katako a ƙarƙashin feda kada ta ƙure, musamman idan mastar ta hannu ce, domin can ƙarshen raminta akwai tsatsa da ke yanka roba. A riƙa duba tanki bayan kowane buɗi biyar ko shida. Inda akwai na'urar da ke tura mai daga saman tanki da matsin kusan bar ɗaya, aikin ya fi sauri da tsabta.

Man birki

Ƙa'idar FMVSS 116 ta kasa man birki aji-aji bisa zafin da yake tafasa. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salsiyas, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Dukkansu suna shan danshi daga iska, kuma idan sun sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin yana sauka zuwa digiri 140, 155 da 180. Shi ya sa ba a amfani da man da ya daɗe a buɗe ko wanda aka tara a kwalbar cire iska, kuma masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran.

Man inji, man giya ko man sitiyari, ko kaɗan ne ya shiga tanki, yana kumbura robobin birki cikin ɗan lokaci, har da na sabuwar masta. Robar murfin tanki da ta kumbura ta ƙi komawa mazauninta ita ce alamar farko, kuma gyaran sai an sauya duk wata roba da ke layin. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa idan mai ya yanke musu a hanya yana tafasa a wajajen digiri 100, yana kuma cin silinda da tsatsa. Mota mai kaya a doguwar gangara tana wuce wannan zafi cikin sauƙi.

Gwaji kafin hawa titi

Ba a cewa an gama sai feda ta ci gwaji. A tayar da inji, a taka a riƙe na daƙiƙa 30, kada ta motsa. A auna tazarar da ta rage tsakaninta da daɓen mota. Littattafan gyara na Toyota da yawa suna ba da mafi ƙarancin wannan tazara ne da ƙarfin taku na kilo 50, kuma kowace mota da adadinta. A bi kowane haɗi da busasshen tsumma, a tabbatar fitilar gargaɗin birki ta mutu, a wanke man da ya zuba a fenti da ruwa domin yana cin fenti.

Daga nan a gwada motar a fili marar jama'a, a hankali da farko, sannan da ɗan gudu, a lura ko tana ja gefe. Bayan 'yar tafiya a kusanto da hannu ga kowace taya a ji ko wata ta fi sauran zafi. Motar kaya kuma sai an gwada ta da lodi, domin birkin da ya tsayar da fankon mota yana iya gazawa idan aka ɗora mata tan biyu ko uku. Motar da sai an yi fomfa sau biyu take tsayawa ba ta gyaru ba, kuma bai halatta bakanike ya miƙa makullinta ko direba ya karɓa ba, har sai feda ta kama a taku ɗaya.